Bol ya yi zagaye biyu ya cije, ƙarfi zan ƙara ko me?

Ɗan Karantina, Jidda:
Assalamu alaikum iyayena makanikai. Tsohuwar Jims (motar GMC) ɗin kawuna ce, mai injin 350. Bol ɗin da ke riƙe ƙarfen dinamo a jikin hed, wato kan injin, ya lanƙwashe, da ƙyar na fito da shi, don sufana 14 sai da na buga ta da guduma ta zauna, 15 kuma tana ta zamewa. Jiya bayan la'asar na je Sana'iyya, unguwar makanikai, na ce wa mai shago ya ba ni na sufana 14. A ido kamar tagwaye suke da tsohon. Na sa, ya yi zagaye biyu ya cije. Na ɗan matsa, sai ga garin ƙarfe a yatsana. Gabana ya faɗi na bari. Kawu bai sani ba tukuna.

Baba na Sana'iyya:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya taimake ka da ka tsaya. Tun daga sufanar nan motar ta gaya maka gaskiya, ba ka ji ba. Kan bol ɗinka 9/16 na inci ne, wato mili 14.3, shi ya sa 14 ta matse, 15 ta yi yawa. Injin nan na Amurka ne, raminsa 3/8-16: kauri mili 9.5, haƙori 16 cikin kowane inci.

Wanda aka ba ka kuwa, na rantse M10 ne, wato mai kauri mili 10, na motar Japan, su ne ke sa masa kai 14, kuma yawanci haƙorinsa mai laushi ne, tazarar mili 1.25, abin da Larabawa ke cewa sinn na'im. Naka tazararsa ta kusa 1.6. Ina za su jitu? Kuma ka daina sayen bol da lambar sufana. M10 ɗin nan guda, na Jamus kansa 17, sabon tsarin ISO 16, na Japan 14. Jiki ake aunawa, ba hula ba. Na gaji da faɗa wa yaran garejinmu wannan.

Ka haɗa tsohon da sabon ciki da ciki, ka ɗaga su wajen haske. In haƙoran sun shige juna babu haske tsakani, shi ne. Ramin kuma ka samo kalawus 3/8-16, wato ƙarfen fidda haƙori a cikin rami, ka ɗiga mai, ka bi shi da hannu a hankali, rabin zagaye gaba, ka ɗan dawo.

Abu Fatima, Makka:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai, duba saman kan tsohon don sanin ƙarfinsa. Zane uku giredi 5 ne, zane shida giredi 8. Na mili lamba ake bugawa, 8.8 ko 10.9, zane uku kusan 8.8 yake. Wanda kansa fes babu komai, bar shi ga masu haɗa gado.

Bamaiwurne, Madina:
Baba, ka tuna min da gida. A gonakin bakin kogi wajen Sinnar, tsofaffin injinan ban ruwa na Lister haƙorin Ingila ne da su, Whitworth, mai kusurwa digiri 55, alhali na Amurka da na mili 60 ne. A 3/8 duka 16 ne, har noti yakan hau ya yaudare ka. A rabin inci kuwa na Ingila 12, na Amurka 13. Mahaifina gwangwanin madara daban yake zuba su, wanda ya taɓa ya sha faɗa.

Ɗan Karantina, Jidda:
Na gode Baba, na gode yayyena. Na ɗaga su a hasken waya, haƙori biyu suka haɗu, sauran kowa ya kama gabansa. Zane uku ne a kan tsohon. Na ari kalawus wurin mai makarata, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, haƙoran bakin ramin kawai suka ci, na ciki lafiya lau. Sabon 3/8-16 ɗin da na samo ya shige da yatsa har ƙarshe. Baba, in sa wasa (zoben ƙarfe) mai tsaga a ƙarƙashinsa ko shimfiɗaɗɗe ya isa?