Kwana uku a Ingila: ina za a ga kayan Angulo-Sakson?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wanda yake Landan kuma kwana uku kawai gare shi, ina ya kamata ya fara idan yana son ganin kayan Angulo-Sakson, mutanen da suka mulki Ingila kafin 1066, da idonsa? Sutton Hoo kai tsaye?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. A'a ƙanwata, nan mutane suke yin kuskure. Kayan da aka tono a 1939 a Sutton Hoo, inda aka binne wani babban mutum a cikin jirgin ruwa, suna Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan, ɗaki na 41, kuma shiga kyauta ne. Kwalkwalin da ke can wurin tonon kwaikwayo ne. Ki ba ɗakin nan awa biyu cur. Ki tsaya gaban kwalkwalin ki dubi fuskar: gira biyu fukafukai ne, hanci gangar jiki, gashin baki kuma wutsiya, wato wata halitta ce mai tashi sama. Da ɗakin kabarin ya rufta, ƙarfen ya farfashe ɗaruruwa. Haɗin farko da aka yi bayan yaƙin duniya na biyu bai zauna daidai ba, sai aka warware aka sake a 1971.

Hajiya Rabi: Ƙari a kan na Malam, kada kwalkwali ya ɗauke miki hankali ki wuce babban farantin azurfa mai hatimin Anastasius, sarkin Rum da ya yi mulki daga 491 zuwa 518. Ga kuma sulallan zinari 37 na ƙasar Faransawan da, waɗanda da su aka ƙiyasta an yi binnewar a farkon ƙarni na 7. Shi ya sa masana da yawa suke ganin kabarin Raedwald ne, sarkin Gabashin Angiliya.

Malam Garba: Rana ta biyu sai ki tafi filin. Jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street zuwa Ipswich, ki canja zuwa Melton, daga nan tafiyar ƙafa ce kamar kilomita biyu, da ɗan hawa. Kada ki sa ran ganin jirgin ruwan. Tsawonsa mita 27 ne, amma yashin wurin mai tsami ne, ya cinye katakon ƙurmus, ƙusoshin ƙarfe da shatin jirgin kaɗai mai tonon, Basil Brown, ya tarar. Ki hau hasumiyar kallo, daga sama ne tsibin kaburburan da kogin Deben suke fitowa sosai, har ki gane wahalar jawo jirgi daga ruwa zuwa kan tudu.

Auwal: Ni da tsibirin Lindisfarne zan ce, inda 'yan Viking, mahara daga Sikandinabiya, suka kai hari a 793.

Hajiya Rabi: Auwal, ya yi nisa ga mai kwana uku, yana can kusa da iyakar Sikotilan. Sannan teku tana rufe hanyar shiga tsibirin sau biyu a rana, wanda bai duba jadawalin tsallakawa ba ruwa zai ritsa shi da mota. Kangon da ake gani ma na bayan 1066 ne, ginin zamanin Nomawa, mutanen Normandy da suka ci Ingila da yaƙi. West Stow ya fi, kusa da Bury St Edmunds. An sake gina gidajen katako da jinka a daidai inda ƙauyen ya zauna tsakanin ƙarni na 5 da na 7. Ki leƙa ramin da ke ƙarƙashin ƙananan ɗakunan, domin gwajin da aka yi a nan shi ya ƙarfafa ra'ayin cewa an shimfiɗa katako a kansa, ba a cikin ramin ake zama ba.

Auwal: Na karɓa, Hajiya. To kafin ta bar Landan ta tambayi ma'aikatan gidan tarihin dinarin Offa, sarkin Mercia da ke tsakiyar Ingila daga 757 zuwa 796. An kwaikwayi dinarin Halifa Mansur na shekarar 157 bayan Hijira, da kalmar shahada a jiki, aka cusa OFFA REX a tsakiya. Sunan a kife yake idan aka daidaita Larabcin, kuma akwai kurakurai a haruffan, alamar maƙerin bai iya karatun ba. Don haka a yi hattara da masu yaɗa cewa Offa ya musulunta, dinarin Abbasiyawa ne kuɗin da 'yan kasuwa suka amince da shi a lokacin.

Nafisa: Allah ya saka da alheri. Landan, Melton, sannan West Stow ke nan.

Malam Garba: Haka ne. Ki duba ranakun buɗewa kafin ki yanki tikiti, don da hunturu ba kullum Sutton Hoo yake buɗe ba. Ki kuma sa takalmin da ba ya tsoron taɓo.