Neman shawara: shafin shagonmu ya zama kamar na kowa, me zan rubuta a ciki?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Mahaifina yana da shago a Kantin Kwari, ya fi shekara 20 yana sayar da atamfa da shadda da leshi. Bara na lallashe shi muka biya aka buɗe mana shafin intanet, da nufin mutanen Abuja da Legas da Nijar su riƙa ganin kayanmu. Da aka zo kan abin da za a rubuta, sai na leƙa shafukan masu irin sana'armu na kwashi bayanansu, na ɗan juya kalmomi. Wasu kuma manhajar nan mai rubutu da kanta na sa ta yi mini. Yanzu in ka cire sunanmu, wallahi ba ka bambance mu da sauran, kowa "kaya masu inganci a farashi mai rahusa". Google ba ya kawo mu, kuma Baba ya fara tambayar ina ribar kuɗin da aka kashe. Don Allah yaya zan yi rubutunmu ya fita daban?

Malamar Kwamfuta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba asiri aka yi maka ba, haka abin yake aiki. Idan Google ya tarar da shafuka da yawa masu magana iri ɗaya, ɗaya yake zaɓa ya nuna, ya ajiye sauran a gefe, kuma da wuya ya zaɓi sabon shiga ya bar wanda ya riga shi. Tun a watan Agusta na 2022 kamfanin ya sanar cewa zai riƙa fifita rubutun da aka yi don amfanin mutane a kan wanda aka yi don neman hawa sama. A Disambar shekarar kuma ya ƙara wani ma'auni a ƙa'idojin masu duba masa ingancin shafuka: shin mai rubutun ya taɓa abin da hannunsa? Ita manhajar ba a hana amfani da ita ba, sai dai ba ta taɓa warware turmi a gaban kwastoma ba, abin da kowa ya riga ya faɗa shi za ta haɗa maka. Ka buɗe WhatsApp ɗin shagon, ka tattara tambayoyin da ake yawan yi muku. Kowace tambaya rubutu ɗaya ce.

Hajiya Mai Haɗa Lefe:
Yaro, bari in faɗa maka a matsayin mai saye. Ni lefe nake haɗa wa mutane, kuma kalmar "inganci" ba ta taɓa sa na tura wa kowa kuɗi ba, don ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ce kayansa ba su da inganci ba. Abin da nake son sani: atamfar nan tana zuba a wankin farko? Auduga ce zalla ko da haɗin roba, wanda za ta riƙa ƙona mace da zafin watan Afrilu? Kalar da ke hoto ita ce a rana, ko fitilar shago ce ta ƙara mata haske? In biki ne muna son anko turmi 40, kuna da su zane ɗaya ko sai an jira? In kaya sun iso Kaduna da tabo, wa zai ɗauki asara, kai ko ni ko direba? Wanda ya rubuta mini waɗannan dalla-dalla, ko ya fi wasu tsada kaɗan, wurinsa zan tsaya. Kuma in kwaikwayo ce ka ce kwaikwayo ce. Akwai masu sonta don ita aljihunsu zai ɗauka, ƙaryar ce ba ma so.

Tela Daga Fagge:
Hajiya ta gama magana. Ni dai abu ɗaya zan ƙara, don a kanmu rigimar take ƙarewa. Ka rubuta bambancin yadi da mita. Yadi bai wuce santimita 91 da ɗan ɗigo ba, mita kuwa 100 ce, don haka mita 5 ta fi yadi 5 da kusan rabin yadi. Mutum zai sayo shadda, a ce masa "biyar ce", ya kawo mini, ta kasa, ya ce na yanke masa. Ka faɗa musu turmin atamfa yadi 6 ne, kaftani da wando na babban mutum yadi 4 zuwa 5 yake ci gwargwadon jiki, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa a tanadi 10. Sannan ka yi rubutu a kan yadda ake wanke shadda ba ta mutu ba, da lokacin da ya kamata a kai ta wurin masu bugu maimakon a yi ta danna mata dutsen guga.

Mai Waya a Farm Centre:
Ni fa gaskiya ina ganin wahalar banza ce. Wa ke karanta dogon bayani a Kano? Ka ɗora bidiyo a TikTok da Instagram, ka cika sitatus, ciniki ya zo. Shafin intanet na manyan kamfanoni ne.

Malamar Kwamfuta:
Malam, da gaskiyarka ta wani ɓangaren, bidiyo ya fi saurin kawo ciniki. Amma sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai mai lambarka yake gani. Wanda ke zaune a Yamai da tsakar dare yana neman yadda ake gane shaddar Getzner ta asali, ba shi da lambar kowa a Kwari, tambaya zai rubuta. Ai bidiyo da rubutu ba kishiyoyi ba ne, rubutu ɗaya sai a yanka shi bidiyo uku.

Ƙanena, sai maganar harshe. Da Turanci kana gasa da dubban shafuka, da Hausa kuwa filin kusan fayau yake, kuma masu sayen naka da Hausa suke tambaya. Ka rubuta da kanka, kada ka fassara da na'ura, nan take ake jin warin fassara. Ka yi amfani da sunan da kasuwa take kiran kaya, ba na jikin kwali kaɗai ba. Rubutun kayan Sallah kuma ka ɗora shi tun kafin azumi, don sabon rubutu yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya fara fitowa, teloli kuma suna rufe karɓar ɗinki da wuri. Ka haɗa shafin da Google Search Console, kyauta ne, zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ka. Hotuna ka rage musu nauyi, mutane ba za su ƙona data suna jiran turmi ya buɗe ba.

Mai Turaren Wuta:
Sai dai ka shirya, ranar da rubutunka ya yi kyau za a kwashe shi kamar yadda ka kwashi na wasu (kada ka ji haushi, kai ka faɗa). Ni wata ta ɗauke hotunana har da farcena a ciki, ta ɗora a nata. Tun daga nan nake sa sunan shago a tsakiyar hoto, ba a gefe inda za a yanke ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu da hoto tun daga lokacin da ka yi su, ba sai ka yi rajista ba, kuma Google yana da fom na kai ƙarar wanda ya kwafe ka.

Ɗan Kwari:
Ban ji haushi ba Yaya, ni na jawo. Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Ɗazu na gwada tambayar Baba yadda yake gane atamfa mai zuba, ya ɗauko farin ƙyalle ya jiƙa, ya goga a bakin turmi ya nuna mini, daga nan ya zarce da bayani har aka kira la'asar. Na naɗi muryarsa a waya, daren nan zan zauna in rubuta. Sai dai ya ce kada in kuskura in faɗi wurin wanda yake sari.

Hajiya Mai Haɗa Lefe:
Wannan kam Alhaji ya yi daidai, ka bar masa kayansa. In ka gama na ankon ka turo mini in gani, ina da biki bayan Sallah.