Shin ya dace ɗan sha'awa ya shiga gasar duwatlon tare da ƙwararru?

Mai Keken Asuba ya rubuta:

Assalamu alaikum. Aiki ne ya kawo ni Suwizalan, kuma shekara uku ke nan ina gudu da tuƙa keke don motsa jiki kawai, ban taɓa shiga gasar da ta wuce ta unguwa ba. Wani abokin aikina ya matsa mini in yi rajistar gasar duwatlon (wato gudu, tuƙa keke, sannan sake gudu) mai suna Powerman ta garin Zofingen, wadda ake yi a watan Satumba, inda ake fara gudun kilomita 10, a hau keke kimanin kilomita 150, sannan a sauka a sake gudun kilomita 30. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an ce zakarun duniya suna shiga wannan gasar. Shin da gaske mutum irina, mai shekara 38, wanda sai bayan sallar asuba yake samun lokacin atisaye, zai yi takara da waɗanda wasan ne sana'arsu? Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Tsohon Ɗan Tsere ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanya ɗaya za ku bi a rana ɗaya, amma ba da su za a auna ka ba. A tsarin hukumar World Triathlon, wadda duwatlon yake ƙarƙashinta, ƙwararru suna da rukuninsu, sauran jama'a kuma ana raba su gwargwadon shekaru biyar-biyar, wato kai za ka faɗa rukunin 35 zuwa 39, kuma matsayin da za a rubuta maka na wannan rukunin ne. Gasar Zofingen, wadda aka fara a 1989, ta yi suna da haɗa ɓangarorin biyu, kuma a can ne aka sha gudanar da gasar duniya ta dogon zango. Emma Pooley 'yar Ingila, wadda ta ci azurfa a tseren keke a Olamfik na 2008, ta lashe ta sau huɗu a jere daga 2014 zuwa 2017, alhali ɗaruruwan ma'aikata da malaman makaranta suna biye da ita a kan wannan hanyar.

Ni dai ban ga hikimar farawa da dogon zango ba. Ma'aunin da aka fi sani shi ne gudun kilomita 10, keke 40, gudu 5, akwai kuma rabinsa. Ka gwada ɗaya daga cikinsu tukuna, domin mazan da suke cin Zofingen ma suna shafe fiye da sa'o'i shida, ɗan sha'awa kuwa yakan ƙara sa'o'i a kan haka.

Malamar Lissafi ta amsa:

Malam, na taɓa shiga wata ƙaramar gasa da aka sake mu lokaci guda da ƙwararru, kuma kuskuren da na yi shi nake ji maka tsoro. Da aka busa usur sai na ga kaina kafaɗa da kafaɗa da su, daɗi ya kwashe ni, na bi su har kusan kilomita biyu da saurin da ban taɓa yi a atisaye ba. A kan keke ban ji komai ba sosai. Sai da na sauka na rataye keken, na sunkuya zan saka takalmin gudu, sannan sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau, na tsaya dafe da ƙarfen rataya ina kallon waɗanda na wuce tun farko suna ficewa ɗaya bayan ɗaya. Gudu na biyu shi ne ainihin duwatlon, saboda ƙafar da ta yi sa'o'i tana juya feda takan yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Saboda haka ka riƙa yin gudu nan take bayan ka sauka daga keke aƙalla sau ɗaya a mako, ko da na minti goma sha biyar ne, har jikinka ya saba da wannan sauyin.

Tsohon Ɗan Tsere ya ƙara da cewa:

Malama ta tuna mini da batun doka, wanda a nan ne sabon shiga ya fi faɗa wa matsala idan yana kwaikwayon abin da yake gani a talabijin. A gajeren zango ƙwararru sukan tuƙa a dunƙule, kowa yana laɓe a bayan wani don na gaba ya kare masa iska, amma a dogon zango an haramta haka ga kowa, kuma alƙalai suna bin hanya a kan babur suna ɗaga shuɗin kati, alamar hukunci, ga duk wanda ya manne wa na gabansa. Haka nan ba a taɓa keke sai an ɗaure igiyar hular kwano, ba a hawa sai an wuce layin hawa, kuma idan taya ta yi faci kai za ka gyara da hannunka, domin taimakon ɗan kallo yana iya sa a kore ka.

Mai Keken Asuba ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba na ga a Zofingen ɗin ma akwai gajeren zango, shi zan yi wa rajista bana. Sauya tayar baya kuwa ban iya ba tukuna, zan nemi abokin aikin nan nawa ya koya mini a ƙarshen makon nan.