Ina neman Hausar « écart salarial » da « féminisme » kafin gobe da safe

Ɗiyar Zango: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin matsi. Gobe da ƙarfe 9 za mu naɗi shiri a rediyo saboda ranar matan Nijar ta 13 ga Mayu, kuma takardar da aka ba ni da Faransanci take. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: écart salarial entre hommes et femmes, da kuma féminisme. Jimlar da ta fi damuna ita ce mai cewa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a faɗin duniya abin da ake biyan mata ya gaza na maza da kusan kashi 20 cikin 100. Na rubuta "bambancin albashi" amma raina bai kwanta ba. Masu saurarenmu har Mirriya da Magarya suke, ba 'yan lakwal kaɗai ba.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Giɓin albashi tsakanin maza da mata. Kin ga sai ki samu "cike giɓi" a sauƙaƙe.

Mai Alli: Tazarar albashi.

Ɗiyar Zango: Mushe, na gwada tazara a bakina. Da zarar na haɗa ta da "mata", kunne sai ya tafi tazarar haihuwa. Rabin masu saurare za su ɗauka shirin asibiti ne.

Hajiyar Sabon Gari: Ɗiyata, cire "bambanci" tun yanzu. In kika faɗe shi, nan take wani zai kira waya ya ce ƙarya ne, matarsa malamar makaranta ce kuma albashinsu ɗaya da abokin aikinta namiji. Kuma gaskiya zai faɗa, don a aikin gwamnati matsayi ɗaya kuɗi ɗaya ne. Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago tun 1966, kundin dokar aiki na 2012 shi ma ya ce aiki mai daraja ɗaya lada ɗaya. Abin a hanya yake ɓoye. Shekara 19 na yi ina riƙe da takardun biya a wani ofis mai zaman kansa a nan Damagaram. Mun shiga aiki wata ɗaya da wani yaro, takardunmu iri ɗaya. Na tafi hutun haihuwa na mako 14, na dawo na tarar an tura shi ƙarin horo Yamai. Haihuwa ta biyu, an ba shi shugabancin sashe. Duk fita daji mai kuɗin kwana shi ake rubutawa, wai ni mai goyo ce, ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Da hannuna nake lissafa kuɗinsa ƙarshen wata, ina ganin yadda yake nisa. Ba ranar da aka rage mini ko dala. Wuce ni aka yi ta yi. Don haka ni kalmata rata. Ratar albashi. Wanda ya ba ka rata, tare kuka tashi.

Mai Alli: Hajiya ta kawo magana. Abin da ta faɗa shi ne kusan abin da ya ba Claudia Goldin ta Amurka kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023: ta nuna cewa yawancin ratar tana buɗewa ne bayan haihuwar fari. Na janye tazara.

Ɗan Birni: Ban janye giɓi ba. Giɓi na nuna akwai abin da ya ɓace.

Hajiyar Sabon Gari: Giɓi a baki ɗaya yake, ƙanena. Nan mutum biyu ake aunawa.

Baba Mai Ƙamus: Duk kun tsaya kan ƙaramar kun bar babbar. Féminisme ita ce aikin, kuma na daɗe da warware ta: MATANCI. Mata da -nci, kamar yadda muka samu Musulunci, shugabanci, jagoranci. Mai bin ra'ayin kuma bamatanciya, jam'i matantawa. Tun shekarun baya nake faɗar wannan a duk taron da na shiga. Kalma ɗaya tak, tsantsar Hausa, ba aro.

Ɗiyar Zango: Baba, na gode ƙwarai. Sai dai da na karanta wa innata yanzu, ta ce matanci ai namiji ne mai kwaikwayon maganar mata da tafiyarsu. Ina tsoron a yi dariya a inda ba na dariya ba.

Ɗan Birni: A gidajen rediyon waje "masu rajin kare haƙƙin mata" nake ji. Kowa ya saba da ita.

Baba Mai Ƙamus: To ga ciwon nan. Haƙƙi Larabci ne. In kuka ce aƙidar mata, aƙida ma Larabci ce. Kuma kalma biyar don fassara kalma ɗaya, wannan bayani ne, ba suna ba. Sannan yaushe za mu daina jiran Kano da Landan su tauna mana? A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. Damagaram da ta yi daula, ta yi babban birnin ƙasar nan har 1926, ita ce za ta riƙa aron baki?

Mai Alli: Baba, da girmanka, Musulunci da ka kafa hujja da shi tushensa Larabci ne. In muka kori haƙƙi sai mu kori lokaci da duniya da littafi. Kalmar da kakata ta yi rantsuwa da ita Hausa ce.

Ɗan Birni: Kuma ba laifi ba ne Bakano ya riga mu. Su ma suna jin namu.

Baba Mai Ƙamus: Ba sa ji. Ka taɓa jin sun ce lakwal ko mushe a labarai? Mu ne kullum masu saukowa.

Mai Alli: Lakwal da mushe kuma ai Faransanci ne, Baba.

Baba Mai Ƙamus: Namu ne dai, a bakinmu suka narke.

Hajiyar Sabon Gari: Ku dakata haka nan, yarinya na da aiki gobe. Ni ina budurwa lokacin da mata suka yi tattaki a Yamai ranar 13 ga Mayun 1991, saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. A rediyo muka ji, kuma ban ji an kira su da wani suna na -nci ba. Cewa aka yi mata sun fito neman 'yancinsu. Daga wannan fitowar aka zo ga dokar kason mata ta 2000, kashi 10 na kujerun zaɓe da 25 na naɗe-naɗe, aka ɗaga zuwa 25 da 30 a 2019. Gwagwarmaya ce, da ƙafa aka yi ta. Ki ce gwagwarmayar 'yancin mata. 'Yanci kuma ko Baba ba zai ce aro ba ne.

Mai Alli: Ina da ɗan tsoro da "'yanci". Wasu za su ji kamar ana nufin mace ta fita daga hannun iyaye da miji, su rufe rediyo kafin a kai ga maganar albashi.

Hajiyar Sabon Gari: Wanda zai rufe zai rufe ko da wace kalma aka zo.

Ɗiyar Zango: Akwai kuma abin da ya dame ni tun ɗazu. Innata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, tun asuba take kan suya, ba ta taɓa karɓar albashi ba. Haka matan da ke zaune da tallarsu a Kasuwar Dole, haka masu aikin gidajen mutane da ko mafi ƙarancin albashi na jika 42 ba sa gani. In na ce albashi na fitar da su daga maganar.

Ɗan Birni: To ki ce ratar samu. Ko ratar ladan aiki.

Mai Alli: A'a. Alƙaluman da ke takardarki na masu albashi ne. In kika ce samu kin faɗi abin da ba a auna ba. Ki bar albashi, sannan ki ƙara jimla ɗaya ki ce lissafin bai haɗa da masu sana'ar hannu ba.

Ɗiyar Zango: To ga yadda na tsara: "Ratar albashi tsakanin maza da mata, wato in aka haɗa ma'aikata duka aka auna, inda namiji ya samu jika goma, mace wajen takwas take samu." Féminisme kuma zan ce gwagwarmayar neman haƙƙin mata a farko, in ce 'yanci inda nake ba da labarin 1991, tunda haka aka kira shi a lokacin.

Ɗan Birni: Ya yi. Amma in kin zo maganar gyara, "cike giɓi" za ki ce, za ki gani.

Hajiyar Sabon Gari: Rage rata. Allah ya ba da sa'a, ɗiyata.

Baba Mai Ƙamus: Rata na yarda da ita, Hausa ce mai kyau. Ɗayar kuwa ba ku fassara ba, zagaye kuka yi. Ki dai ambaci matanci ko sau ɗaya a ƙarshen shirin, ki ce wani dattijo ne ya kawo, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Ɗiyar Zango: Zan tambayi shugaban shirye-shirye, Baba. In minti ya ragu.