Kabeji da lansir a hunturun Kano: me kuka gani?

Mai Lambun Kwakwaci: Assalamu alaikum. Masu noman kabeji da masu sayensa da yawa, ku zo mu haɗa abin da kowa ya gani game da shi da sanyi. Ni dai wanda na dasa a Nuwamba, ya ƙulla kai cikin hunturu, shi ke fitowa da tauri, ka danna da babban yatsa bai lotsa ba. Wanda ya makara ya faɗa zafin Maris kuwa, kan ba ya haɗuwa, tsutsa ta bi ganyen da huji.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam, Baba. Mu masu haɗa salak na biki a baki muke ganewa. Kabejin Janairu da ake saukewa a kasuwar Yankaba zaƙi gare shi, ko ɗanye ka tauna. Na bazara yana da ɗan ɗaci. Amma ragowar da na sa a firiza, da ya narke sai ya saki ruwa ya yi yaushi. An ce kabeji yana jure sanyi, to ina juriyar take?

Bakano a Ingila: Anti, na ga amsarki da idona. Akwai ɗan uwan kabeji da suke nomawa a nan, mai ganye a murɗe wanda ba ya ƙulla kai. Da asuba za ki tarar raɓa ta daskare a kansa fari fat, ganyen ya sandare, rana na fitowa ya miƙe abinsa. Masu lambun ma ba sa son cire shi sai sanyin ya buge shi, wai ya fi daɗi. Bambancin shi ne wannan yana da rai a ƙasa, kuma sanyin a hankali ya zo masa. Naki an yanke shi, an jefa shi digiri 18 ƙasa da sifili lokaci guda.

Malama Mai Bayoloji: Haka ne, ƙanina. Ƙanƙara tana fara taruwa ne a tsakanin ƙwayoyin ganyen, ta zuƙe ruwan cikinsu, bangonsu ya lalace. Shi ne ruwan da Maman 'Yan Biyu ta gani. In kuwa tsiron ya samu kwanaki cikin sanyi marar daskarewa, sai ya tara sukari a jikinsa. Kun san zoɓon da ya ji sukari ya fi ruwa zalla jinkirin ƙanƙarewa, ga shi sukarin yana kare bangon ƙwayoyin. An gano masu kunna wannan shiri, ƙwayoyin gado da ake kira CBF, a jikin wata 'yar ciyawa ta dangin kabeji, Arabidopsis, a ɗakin binciken Michael Thomashow na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, cikin shekarun 1990. Kano ba ma kai wa daskarewa, amma darenmu na Disamba da Janairu yana sauka ƙasa da digiri 15, kabeji kuwa tsakanin 15 da 20 yake so. Baba, tambaya: kun taɓa ganin naku ya yi fure?

Mai Lambun Kwakwaci: Ko sau ɗaya, Malama. In na bar shi sai dai kan ya tsage ya ruɓe. Kowace shekara sai na sayi iri na gwangwani, da tsadarsa.

Malama Mai Bayoloji: To ba laifin hannunku ba ne. Kabeji asalinsa gaɓar tekun Turai ne, sai ya yi makonni a jere cikin sanyin ƙasa da digiri 10 kafin ya yarda ya fitar da fure. Namu sanyin na dare ne, da hantsi ya gudu.

Inna ta Gwale: Ku bar kabejin nan da iyayinsa, ku shuka lansir, ai danginsu ɗaya. A tsohon baho nake yafa shi a tsakar gida da zarar hazo ya sauka. Kwana biyu ya tsiro, kafin mako uku ina yanka ina kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Zafi na shigowa zai yi tsawo ya fid da fararen furanni ƙanana, in bar shi ya bushe, in murje irin in ƙulle a leda. Wanda ke so ya aiko yaro kafin ya ƙare.