Sigari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa: shawarwarin da aka tattara

Tambayar da ta tayar da zancen ita ce: wanda ya yi shekara 20 yana busa sigari, barinta yanzu zai amfane shi? Masu aikin lafiya da suka sa baki duk sun ce ƙwarai kuwa.

Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ce kawai ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin. Nikotin, wani sinadari da ke cikin taba, yana matse jijiyoyin da ke kai mata jini, ya kuma ɗaga hawan jini. Gubar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200, sai ta ƙwace masa gurbi. A hankali bangon jijiya ya lalace, kitse ya taru, musamman a manyan jijiyoyi biyu na wuya, jini kuma ya riƙa saurin daskarewa. Daga nan shanyewar ɓarin jiki ke zuwa, ko mantuwa mai tsanani tun kafin tsufa.

Shawarar rage kara zuwa biyu a rana ba ta samu karɓuwa ba, don ko kara ɗaya yana ƙara haɗari. Shisha ma ba mafita ba ce. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan shekara 5 zuwa 15 da dainawa haɗarin shanyewar jiki yana komawa kamar na wanda ba ya sha. A riƙa auna hawan jini. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta harɗe, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan, asibiti nan take, kada a tsaya shafa man zafi.