Maɓallin Tab yana maƙalewa a manhajata ta Qt

Tambaya: Salamu alaikum. Ina so fom ɗin rajista da na gina da Qt (kayan aikin gina manhajoji) ya yi aiki ba linzami (mouse), saboda makafi masu amfani da NVDA, manhajar da ke karanta musu abin da ke kan allo. Amma Tab yana tsallake wasu maɓallai, in ya shiga akwatin bayani kuma ba ya fita. Ina matsalar?

Amsa 1: Wa alaikumus salam. QTextEdit, wato akwatin bayanin naka, na ɗaukar Tab a matsayin rubutu, shi ya sa yake riƙe ka. Sa masa setTabChangesFocus(true). Maɓallan da Tab ke tsallakewa kuwa, ina zargin daga QWidget ka gina su, shi kuma asalinsa NoFocus ne, wato Tab ba ya tsayawa a kansa. Ba su StrongFocus, sannan ka kama Space da Enter a keyPressEvent.

Amsa 2: Malam, duba setTabOrder ma, mai tsara jerin da Tab ke bi. Sarƙa ake yi: (a,b), (b,c), (c,d). Wanda ya rubuta (a,b), (a,c) jerin zai birkice masa.

Amsa 3: Ƙari kaɗan: rubuta "&Suna" a QLabel, ka haɗa shi da akwatinsa ta setBuddy, sai Alt+S ya kai mutum can kai tsaye. A macOS dai a kashe yake. Kuma don Allah kar ka goge zoben focus (layin da ke zagaye abin da Tab ya tsaya a kai) don kwalliya; masu gani ma da shi suke gane inda suke.